Sallau a Ɗakin Kifi

Wani mutum ne a unguwarmu, Sallau, ya ɓace shekaru, ya dawo da hular ulu da baki kamar rediyo. Kullum a teburin mai shayi labarinsa ɗaya, wai a ɗamarar ƙanƙara ya zauna.

"Ba ko'ina ake ce wa haka ba," in ji shi. "Sai yankin da dusar ƙanƙara ke binne gida har rufi. Ta taga muke fita. Ka tofa yawu, kafin ya kai ƙasa sai ka ji ƙwal. Ni kuwa da singileti nake yawo."

Mu kuma, da ko Jos ba mu taɓa zuwa ba, muka hangame baki. Ni na fi kowa zaƙewa. Na zama maroƙinsa, ba ko sisi.

Rannan Alhaji Nadabo mai kifi ya ce yana neman mai kula da ɗakin sanyinsa, albashi mai tsoka, ga kifi kyauta. Sallau na jin kifi ya lashe baki. Na ja shi har can, 'yan majalisar mai shayi na biye da mu ɗuu.

Alhaji ya miƙo wata jibgegiyar rigar sanyi. Sallau ya kai hannu, na buge hannun.

"Haba Alhaji, kada ka ci mutuncinsa. Ɗan ɗamarar ƙanƙara ne fa."

Da hannuna na tuɓe masa riga, na cire hular. Ya yi mini wani kallo, ni dolo na ɗauka godiya ce. Aka tura shi ciki, ƙofa ta ce garam.

Ban gama kora wa mutane bayani ba muka ji dum! dum! dum!

Na ce, "Motsa jiki yake, haka suke yi a can."

Sai ihu: "Ku buɗe don girman Allah, ina da iyali!"

Aka buɗe. Ya faɗo waje, haƙora kaf-kaf-kaf, ya rungume janareton Alhaji yana neman ɗumi.

Alhaji ya ce, "Malam Sallau, ina ɗamarar?"

"Alhaji, a Agadas kuɗin mota ya ƙare. Gidan burodi na yi aiki, bakin tanda. Labarin a talabijin na gani."

Alhaji ya juyo kaina, ya miƙo hannu.

"To kai da ka tsaya masa, kawo rigarka. Kwalayen kifi na ciki suna jira."