Rasuwar Mai Ƙaho, Tsohon Rautan Falo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda shi kaɗai yake ɗauke da shi a duk faɗin gidan, Baba mai gyaran rediyo yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da tsofaffin abokan sana'a rasuwar rautan gidansa, wato na'urar da take raba intanet, wanda aka fi sani da Mai Ƙaho. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan teburin falo kusa da agogo, bayan doguwar jinya da gajeriyar ziyarar wani injiniya. Ya rasu yana da shekara tara. An so a ce iyali ne suke wannan sanarwa kamar yadda aka saba, amma da aka bi ɗaki ɗaki neman mai sa hannu, sai aka tarar kowa ya kifa kai a waya, abin ko a jikinsa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, baƙi ne gajere mai faɗi, da eriya biyu a tsaye kamar ƙahon ɗan akuya, da 'yan fitilu kore guda huɗu a gaba. Baba ya shigo da shi gida a shekarar da ya rufe shago, lokacin da mutane suka daina kawo rediyo gyara suka koma jin komai a waya. Tun daga ranar ba a taɓa jin marigayin ya ɗaga murya ba. Iyakar maganarsa ita ce wani siririn "ziiii" idan ya ɗauki zafi, sai kuma "ƙit" idan an kunna shi.

Ba za a yi wa mamaci ƙarya ba: Mai Ƙaho bai taɓa sauri ba a rayuwarsa. Idan aka turo hoto, goshin mutum yake fara kawowa, ya huta, sannan idanu, kafin a kai ga haɓa an gama shan shayi. Ƙarfinsa kuma bai wuce bakin ƙofar falo ba. A kicin babu shi, a ɗakunan kwana sai dai labari. Saboda haka duk mai son intanet a gidan nan dole ya fito falo ya nemi wuri. Mama tana kan doguwar kujera tana sauraron saƙonnin ƙannenta, babbar 'ya, wadda take aikin jinya, tana bakin tebur da kwamfuta, Auta kuma tana kwance a kan kafet da littattafan jami'arta a gefe, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Suna ta tsaki suna zagin marigayin, amma dai suna zaune wuri ɗaya, kuma ana hira.

Idan ya tsaya cak, abin da yake yi sau uku ko huɗu a yini, sai gidan ya ɗauka baki ɗaya: "Baba, ya tafi!" Baba ba ya gaggawa. Sai ya ajiye jarida, ya gyara tabarau, ya zare fulogi a hankali, ya ƙirga goma a fili, ya hura bayan na'urar, ya mayar, sannan ya karkata ƙahon hagu zuwa taga. Fitilu su dawo ɗaya bayan ɗaya, yara su ce sannu Baba. Mutumin da ya yi shekara arba'in ana layi a ƙofar shagonsa, wannan ne aikin da ya rage masa, kuma yana yin sa da dukan zuciyarsa.

Ciwon ajalin ya soma ne ranar da aka kawo faiba, sabon layin intanet mai sauri. Babbar 'ya ce ta nemo, domin ta shiga karatun ƙarin girma a intanet, ta gaji da ganin malaminta ya daskare da baki a buɗe. Ma'aikata suka zo suka huda bango, suka jawo wata 'yar waya siririya kamar zaren ɗinki, suka manna wani farin akwati a bangon koridor. Shafaffe ne, ba kai ba wuya, ba eriya ko ta rantsuwa. Baba ya tsaya ya ƙare masa kallo sama da ƙasa. A iliminsa, kuma ilimi ne na gaske, abin da ba shi da eriya ba ya kama komai, duk wanda ya ce yana kamawa yaudara ce. Ma'aikatan suka miƙa masa takardar sunan sabon intanet ɗin da kalmar sirri, tunda shi ne maigida. Ya ninke ta ya sa a aljihu. Suna fita ya jawo tsohuwar jakar aikinsa, ya ɗauko kebul, ya haɗa bayan farin akwatin da Mai Ƙaho, ya bi da kebul ɗin ƙarƙashin kafet tsaf, ba wanda zai ce an taɓa wurin. Da yara suka dawo ya ce musu an gama komai, su ci gaba yadda suka saba. Wayoyinsu kuwa, da ba su san kowa ba sai marigayin, suka koma wurinsa.

Haka aka shiga mako shida na neman dalili. An yi alkawarin gudu ɗari uku, gwajin waya yana nuna bakwai, ranar da aka yi sa'a tara. An kira kamfani har an haddace kiɗan jira, su kuma maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta: a kashe a kunna. Aka zargi maƙwabci mai aski da satar intanet, aka canza kalmar sirri, aka daina amsa gaisuwarsa da fara'a, alhali bawan Allah wayarsa ma ta maɓallai ce. Aka zargi firji. Aka zargi kaurin bango. Auta ta ce saƙonnin muryar Mama ne suke cinye komai, Mama ta ce in ta sake ji sai Auta ta kwana a koridor tare da akwatin. Duk taron da aka yi Baba yana kan gaba, fuska a murtuke, yana karkata ƙaho dama da hagu yana girgiza kai kan lalacewar aikin zamani. Tun da ya bar shago bai taɓa samun kasuwa irin wannan ba.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a nan, tunda sanarwar mutuwa ba wurin ɓoye gaskiya ba ne. A mako na uku, wata rana da azahar ba kowa a gida, Baba ya ciro takardar nan daga aljihu, ya shigar da kalmar sirrin a wayarsa, don dai ya tabbatar wa kansa cewa akwatin banza ne. Bidiyo ya buɗe kafin ya ɗauke yatsa. Ya shiga kicin, yana nan. Ya shiga ɗakin ƙarshe ya rufe ƙofa, yana nan daram. Ya daɗe a tsaye a ɗakin. Sannan ya goge sunan daga wayarsa, ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya koma falo ya zauna kusa da Mai Ƙaho yana jiran a dawo a kira shi.

Ranar Talata kamfani ya turo injiniya, wani dogo mai tauna cingam wanda ko zama bai yi ba. Ya duba farin akwatin, ya ga kebul a bayansa, ya bi shi da yatsa har ya ɗaga kafet, ya ɓullo kan teburin falo.

"Baba, wa ya yi wannan haɗin?"

"Ni na yi. Da matsala ne?"

"Wallahi aikin ya yi kyau. Amma kamar an kawo muku kogi ne, kun ce sai ya bi ta bakin buta. Ina takardar da aka ba ku?"

Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro ta, duk ta yi laushi don ninki. Babbar 'ya ta dubi takardar, ta dubi mahaifinta, ba ta ɗaga murya ba, kuma gara a ce ta ɗaga.

"Baba, a kan teburin nan jarrabawata ta yanke. Kana zaune nake kuka. Sai baɗi zan sake."

Injiniyan kuwa, wanda bai san darajar manya ba, ya kai hannu ya fizge fulogin marigayin kamar mai cire ƙaya. Bai ƙirga ko ɗaya ba, balle ya hura. Aka ji "ziii" ya yi ƙasa ƙasa har ya ɗauke, fitilu huɗu suka mutu tare. Bayan kowa ya watse Baba ya mayar da fulogin, bai ji "ƙit" ba. Ya kwance murfin da sukundireba, ya ga wani ɗan abu a ciki ya kumbura, irin wanda ya canza dubunsa a zamaninsa, aikin minti goma. Ya dube shi da kyau, ya mayar da murfin ya ɗaure.

Marigayin ya bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da kebul mai tsawon taku goma sha biyu, da ɗan ƙyallen da Mama ta saƙa masa don ƙura, wanda tuni aka mayar da shi kan talabijin. Ya kuma bar wayoyi huɗu da kwamfuta ɗaya, marasa kunya, waɗanda ya yi wa hidima shekara tara amma suka manta sunansa tun gawarsa ba ta huce ba. Ya bar maƙwabci mai aski, da har yanzu ba a je an ba shi haƙuri ba.

Game da magajinsa, ba a da abin cewa sai dai a ce yana aiki. Yana nan manne a bango kamar ƙadangare, ba ya zafi, ba ya tsayawa, ba ya bukatar kowa. Ya shiga kicin, ya shiga ɗakunan kwana, har banɗaki bai bari ba don rashin ta ido. Tun ranar Talata kowa ya kwashi wayarsa ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Ana jin dariyar Auta ta bayan bango, ba a san abin da ya ba ta dariya ba. Baba yana jin zafin wannan ƙwarai, kuma ya san ba shi da bakin ƙorafi.

Za a sa marigayin a kwalin da ya zo a ciki, wanda Baba ya adana tun farko, a kai shi makwancinsa a saman kabad ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, kusa da rediyoyi uku da masu su ba su taɓa dawowa karɓa ba. Ba a gayyaci injiniyan ba. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi kalmar sirri. Za a yi zaman makoki a falo, kuma ba a karɓar ta'aziyya ta waya, musamman wadda aka turo daga cikin gidan nan, kamar hoton fuska mai hawaye da Auta ta aiko jiya daga ɗakinta. An jera kujeru. Baba zai kashe wayarsa ya zauna a ta bakin ƙofa har magariba. Idan babbar 'ya ta samu fitowa, yana da maganar da zai faɗa mata, kuma ya gwada rubutawa sau uku, maganar ba ta shiga saƙo ba.