Ranar da na share lambuna

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar Asabar ɗin da Madam Lim ta zo duba lambuna. Sati biyu ke nan, amma har yau in ganye ya motsa a bayan gida sai gabana ya faɗi.

A Wangsa Maju muke zaune, wata unguwa a ƙasar waje da karatu ya kawo mu, a hawan ƙasa, da ɗan fili a baya wanda bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Maigidana yana digirinsa na uku, maƙwabtanmu 'yan Najeriya kuwa kowa da abin da yake karanta. Ni daga sakandare aka yi min aure. To da na ji wata ƙungiya a unguwarmu tana ba da satifiket ga duk wanda ya mayar da lambunsa mazaunin tsuntsaye da ƙananan halittu, sai na ce wallahi ni ma sai an rubuta sunana a takarda a ƙasar nan.

Wata huɗu ina fama. Na dasa lemun tsami da furannin da suka ce, na ajiye kasko na ruwa, na daina fesa maganin ƙwari (ni da ko kyankyaso na gani sai na canza ɗaki). Sun ce a bar busasshen ganye ya taru a lungu, na bari, ina kawar da kai in na wuce.

Ranar dubawa, ina idar da sallar asuba na leƙa bayan gida, kunya ta kama ni. Baƙuwa za ta zo ta tarar da tsakar gida haka? Mahaifiyata ko mai tallan nono ce za ta shigo sai an yi shara. Na ɗauki tsintsiya. Na kwashe ganyen nan tas a leda uku, na wanke kaskon da garin sabulu har yana ƙyalli, na tsince tsutsotsin da ke cin ganyen lemun ɗaya bayan ɗaya. Har turaren wuta na saka.

Maigidana ya leƙo da kofin shayi ya ce min, "Madam, anya haka takardar ƙa'idojinsu ta ce?"

Na ce, "Kai dai je ka ji da karatunka."

Madam Lim, wadda ƙungiyar ta turo, tsohuwa ce 'yar China, 'yar ƙarama, da hular rana da littafi a hannu. Ta tsaya ta kalli wurin ta daɗe, ni kuwa ina ta murmushi ina jiran yabo.

Ta ce, "Ina ganyen da na gani a hotunan da kika turo?"

Na nuna mata ledojin, har da alfahari. Ta tsuguna ta kwance ɗaya, ta ɗago tsutsa a tafin hannunta kamar jaririya. Ta ce a hankali, "Wannan ɗan malam-buɗe-littafi ne fa. Saura kwanaki kaɗan ya yi fiffike."

Ban gama haɗiye wannan ba sai wani abu ya fito daga bayan ledojin. Guza ne, tsawonsa ya kai hannuna. Ashe a ƙarƙashin ganyen yake kwana, na rushe masa ɗaki. Ban san lokacin da na yi tsalle na rungume Madam Lim ba, hularta ta faɗa kasko. Ina maƙale da wuyan matar da ta zo ganin ko ina ƙaunar dabbobi, ina ihu da Turancin da bai taɓa fita min sumul haka ba, a kashe shi, a kawo sanda a kashe shi.

Guzan ko kallona bai yi ba, ya bi magudanar ruwa ya tafi.

Ta ɓamɓare hannuwana, ta matse hularta, ta yi rubutu. Ta ce za ta dawo bayan wata uku. Maigidana ya shige banɗaki, amma ina jin dariyarsa ta taga.

Da yamma na zazzage ledojin a lungunsu, na mayar da tsutsotsin da suka rage kan lemun. Satifiket ɗin nan sai na karɓe shi. Abin da na koya kawai, a wannan jarrabawar ƙazanta ce ke ba da maki, kuma tsintsiyata yanzu a wajen maigidana take, na ce ya ɓoye ta kar ya faɗa min inda ya sa.