Sabulun da na kaɗa da kuka

Ba zan taɓa mantawa da wannan Larabar ba, har da waɗanda suka shaida. Akwai Malama Rifkatu mai koya mana haɗa sabulun ruwa, da Hajiyar da ta zo daga ofis duba aikinmu, da Hansatu maƙwabciyata, sai sauran matan Rafin Guza da aka ɗauka a shirin tallafa wa marasa ƙarfi. Sharaɗin ɗaya ne: wadda sabulunta ya yi kyau za a ba ta bokiti da kayan haɗi ta fara sana'a. Ni kuwa marayu uku nake ci da su.

Tun farkon koyon na naɗa kaina mai tsaro. Wadda ta makara in harare ta, mai surutu in tsawatar. Hansatu ta fi kowa shan faɗana. Abin da ban faɗa wa kowa ba, lambobin jikin kofin awo ba na gane su (ban taɓa zama a aji ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya). Da aka ce gishiri ke sa sabulu kauri sai na ce an zo gidana. Shekara arba'in ina zuba gishiri da ido, wa zai nuna mini?

Na zuba, na ƙara, na sake ƙarawa. Sabulu ya tsinke kamar ruwan wanke shinkafa. Da na rasa dabara sai na kaɗa masa garin kuka, tunda dama kore ne. Ya yi kauri abin sha'awa.

Ranar gwaji, wato Larabar nan, Hajiya ta fara da ni, wai girmamawa. Ta tsiyaya a tafin hannu ta murza. Babu kumfa. Ta ware hannuwa, yauƙi ya biyo ta har zobe. Malama Rifkatu ta sunsuna kwalbar sabulun, ta dube ni a ladabce.

“Mama, saura daddawa.”

Matan da na yi wata guda ina harara suka kifa kai cikin mayafi, kafaɗu na rawa. Hajiya ta ce ta ba ni mako ɗaya in sake.

Ashe idon da na zuba wa mutane, kofi ya kamata in zuba wa. Washegari da sassafe na ɗauki kofin da kaina na yi sallama gidan Hansatu. Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ɗauko jan farce ta ja mini layi daidai inda gishiri zai tsaya.