Yadda Za Ka Sa a Kashe Ɗanka a Fim ɗin Sararin Samaniya

Idan ɗanka ya shiga fim ɗin ƴan sama jannati, irin mai dogon zango da ake nunawa a tele duk mako, har abinci ya daina yi maka daɗi, to kwantar da hankalinka. Hanyar da ke ƙasa an gwada ta a nan Tamanrasset, kuma ta ci. Ka bi ta daki-daki. Na yi maka alkawari kafin zango ya ƙare za ka ga gawar ɗanka a tele, alhali yana zaune kusa da kai lafiya lau.

Wanda ya gwada ta shi ne Malam Illo, mutumin Damagaram, mai shagon barguna a kasuwa. Ɗansa Tasi'u magini ne. Masu fim suka zo daga Alje, suka ce duwatsun wajen Idlès ba su yi kama da na duniyar nan ba, nan za su yi aiki. Suka ɗauki Tasi'u ya haɗa musu kumbon katako. Rannan injin wuta ya mutu, ya gyara, darakta ya kalle shi da kyau. Kafin mako ya zagayo an sa masa riga mai ƙyalli, ya zama makaniken kumbo.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da kake tsoro, amma kada ka faɗa

Malam Illo ba fim yake tsoro ba. Ya ji cewa zango na biyu a Alje za a yi shi, Alje kuwa bakin teku take. Ya san samari huɗu na layinsu da suka je suka ga teku. Biyu suna bugo waya daga ƙetare. Biyu har yau ba su bugo ba.

Wannan shi ne dalilinka, don haka ka ɓoye shi. Uban da ya faɗa wa ɗansa gaskiyar abin da ke ransa ya zubar da rabin girmansa. Ka nemi wata magana.

"Kai, wannan rigar ta ledar biskit ita ce sana'a?"

"Baba, ni ne ke riƙe da kumbon gaba ɗaya. In ba ni, faɗowa za su yi."

"Kumbon da na ga an ɗauko a bayan motar kamiyo?"

Tasi'u ya yi dariya, ya ɗauki jakarsa ya fita. Idan naka ma ya yi dariya, wuce mataki na gaba.

Mataki na biyu: Ka yi bincike

Malam Illo ya kwashe sati uku yana tambayar mai ɗaura masa farantin tele a rufin gida, mutumin da ya kalli irin waɗannan finafinai har idonsa ya yi rauni. Ga abin da ya samo. Ana cire mutum idan ya cika latti, ko kamanninsa suka sauya, ko ya yi faɗa da darakta, ko ya nemi ƙarin albashi, ko ƴan kallo suka gaji da fuskarsa. Wani lokaci ma marubuci ne kawai ya rasa abin da zai sa shi ya faɗa.

Sai dai ba a cewa an kore shi. Cewa ake yi wani dodo ya haɗiye shi, ko ya sadaukar da ransa don ceton abokansa. Masana sun tabbatar cewa duk jarumin da ka ga ya mutu yana murmushi a sararin samaniya, jiya ya zagi wani a buro, wato ofis.

Mataki na uku: Ka sauya masa kama

Tasi'u yana da suma, kuma an riga an ɗauki kashi biyar da ita. Malam Illo ya ce wa matarsa Gwamma ya ga kwarkwata a matashin yaron. Gwamma ba ta wasa da irin wannan. Kafin azahar wanzami ya zo, kan Tasi'u ya koma kamar ƙwai.

A nan ne za ka fara jin sunan Salima. Ita ce marubuciyar fim ɗin, ƴar Alje, doguwa, mai biro a bayan kunne. Ta kalli kan Tasi'u na ɗan lokaci, ta rubuta cewa iskar sabuwar duniyar da suka sauka tana cinye gashi. Aka aske sauran jaruman duka. Bayan an nuna kashin, rabin samarin kasuwa suka yi ƙwal-kwabo.

Darasi: a wasu finafinan kuskure kuskure ne. A wannan irin, kuskure kimiyya ne.

Mataki na huɗu: Ka sa shi latti

Ranar da za a ɗauki babban kashi, Malam Illo ya aike shi garin Silet wajen wani abokinsa mai lambu, ya karɓo saƙo na gaggawa. Saƙon buhun dabino ne, kuma abokin an riga an gaya masa kada ya sallame shi sai taksin ƙarshe ya tashi.

Salima ta rubuta cewa halittun duwatsu sun sace makanike. Kashi uku cur kumbo yana neman sa. Kyaftin ɗin kumbon ta yi kuka. Mutanen da ba su san Tasi'u yana fim ɗin ba, yanzu suka sani. Mai shayin bakin kasuwa ya liƙa hotonsa a jikin teburi.

Kada ka karaya. Har yanzu ba ka fito da babban makaminka ba.

Mataki na biyar: Ka tura dattawa

Abin da ya gagari dabara, dattawa ake tura wa. Malam Illo ya samu Alhaji Zakariya'u, shugaban ƴan kasuwar Nijar na layinsu, wanda ke jin Larabcin nan kamar a ciki aka haife shi, da Malam Amadu mai jan su salla. Suka sa manyan riguna, suka ɗauki goro, suka shiga mota zuwa Idlès. Hanyar ta girgiza su har Malam Amadu ya sauka yana riƙe da ƙugu.

Salima ta karɓe su a tanti, ta sa aka dafa shayi. Kofi na farko suka tambayi lafiyar iyayenta. Kofi na biyu suka yaba aikinta, wanda babu wanda ya taɓa kallo a cikinsu sai Illo. A na uku Alhaji Zakariya'u ya gyara zama.

"Ƴata, alfarma muka zo nema. Wannan bawan Allah shi ne uban Tasi'u. So yake a kashe masa shi."

Salima ta ajiye kofi. Ta ce yaron yana da hazaƙa, mutane na son sa. Ta tambaya ko shi Tasi'un ya sani.

"Ubansa ya sani," in ji Alhaji.

Ta dubi furfura uku da suka sha hanyar Idlès dominta. Wanda bai taɓa cewa a'a a gaban irin wannan ba, ba zai san nauyinta ba. Ta ce to.

Mataki na shida: Kada ka yarda da mutuwar banza

Salima ta ciro biro daga bayan kunne. Ta ce ga shawara: makanike zai fita gyara a wajen kumbo, igiya ta tsinke, ya yi ta tafiya cikin duhu har a daina ganin sa. Ta ce haka ake yi in ana so a bar ƙofa a buɗe.

Alhaji ya fassara. Malam Amadu ya ajiye carbi.

"Wato ba wanka, ba sutura, ba salla?"

"Ta ce ai a sama ne, Malam."

"A sama ko a ƙasa, ɗan Musulmi ne. Za a bar shi yana yawo kamar leda, mutanen Damagaram suna kallo? Su ce a gaban idonmu aka yi?"

Illo ya ji maganar ta shige shi. Ya hango ƴan uwansa a gida suna kallon ɗansa yana lilo babu kabari. Ya ce sam, a binne shi.

Salima ta sake cewa su yi tunani. Suka ce sun yi. Aka tsayar cewa zai mutu a ƙasa, a gaban kowa, ya cika da kalmar shahada, a yi masa likkafani, a haƙa kabari a gaban kyamara. An ɗan yi gardama kan inda alƙibla take a wata duniyar, daga baya Malam Amadu ya yanke cewa a bi ta Idlès. Illo da kansa ya kawo yadi fari daga shagon maƙwabcinsa, mai kyau, ba na arha ba.

Wannan shi ne matakin da ke raba gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yana barin ƙofa a buɗe. Gwani yana toshe ta da laka.

Mataki na bakwai: Ka ci moriyar aikinka

Aka nuna kashin ranar Alhamis bayan la'asar. Shagon Illo ya cika har bakin ƙofa. Aka ga an saka Tasi'u a rami, aka ga ƙasa ja ta rufe shi, kumbo ya tashi ya bar tulin duwatsu. Gwamma, da ke kallo a gida, ta ƙi cin abinci duk da ta san yaron yana shago.

Masu fim suka kwashe kayansu suka tafi Alje. Tasi'u ya zauna yana ninke barguna. Ka lura da kyau: ga ɗanka, ga ka, teku tana can nesa tafiyar kwana biyu. Abin da ka nema ke nan.

Akwai ƙaramar matsala guda. Dattijon da ya yi aikin alheri ba ya iya riƙe shi a ciki. Kafin Juma'a ta biyu Alhaji Zakariya'u ya ba kowa labarin yadda suka ceto ɗan Illo.

Tasi'u bai ɗaga murya ba. Yana ninke bargo ya ce, "Baba, an ce kai ka zaɓo mini likkafanin."

"Mai kyau na zaɓo."

"Na gani. Na gode."

Daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa su. Bayan sati biyu Gwamma ta tare Illo a ƙofar ɗaki.

"Malam, yaronka yana zama da direbobin da ke bin hanyar bayan gari, masu kai samari bakin teku a ɓoye. Ya sayar da wayarsa. Da a fim ɗin ne, da takardar aiki zai tafi, a motar kamfani, da ranar dawowa a rubuce. Ka tambaye shi kuwa kafin ka kwashi tsofaffi?"

Bai tambaya ba. Ba ya cikin matakan.

Mataki na takwas: Ka nemi a tayar da shi

Wannan karon kada ka tura kowa. Malam Illo ya karɓi lambar Salima, ya shiga bayan tulin barguna, ya haɗa Larabcin kasuwa da Faransancin da ya tsinta a aji uku na lekkol, makarantar boko. Ya ce ya ji a irin wannan fim ba a mutuwa gaba ɗaya. Mai faranti ya gaya masa ana dawo da mutum ta inji, ko a ce mafarki ne.

"Ya Hajj," in ji Salima, "na ba ku igiya kuka ƙi. Wanda ya ɓace yana dawowa. Naku kun wanke shi, kun sallace shi, kun binne shi a gaban ƙasa gaba ɗaya. In na tono shi, limaminku ne zai fara kira na."

Sai Illo ya faɗi abin da mataki na ɗaya ya hana: samari huɗu, da biyun da ba su bugo ba, da direbobin bayan gari.

Salima ta ce fuskar Tasi'u dai ta mutu, babu yadda za a yi. Amma a zango na biyu akwai halittun duwatsu goma sha biyu, masu kan roba tun daga wuya har sama. Ba sa magana, ba a rubuta sunansu da manyan baƙaƙe. Guda ɗaya bai samu mai sawa ba. Aikin yana da takarda, da wurin kwana, da motar dawowa.

Illo ya fito daga bayan barguna ya gaya wa Tasi'u, kalma ɗaya ba ragi.

"Daga makaniken kumbo zuwa dutse, Baba."

"Dutse mai takarda."

Tasi'u ya kalle shi, ya kalle shi. Sannan ya tambaya yaushe motar za ta tashi.

Mataki na tara: Ka koyi kallo

Yanzu duk Alhamis bayan la'asar Malam Illo yana jan kujera gaban tele. Halittu goma sha biyu suna fitowa daga bayan tsauni, kai iri ɗaya, tsawo kusan ɗaya, na minti ɗaya ko biyu. Ƴan shago suna musu. Alhaji Zakariya'u ya rantse na farko ne. Mai shayi ya ce na bakwai.

Illo ba ya musu da kowa. Na uku daga hagu yana jefa ƙafar dama waje kaɗan in zai hau tudu, kamar yadda ya yi tun ranar da ya fara tafiya a tsakar gida. Da ya gan shi, sai ya ɗauki waya ya kira Gwamma ya ce, "Yana nan. Kamar ma ya ɗan yi ƙiba." Sannan ya koma ya zauna har a gama rubutun sunaye na ƙarshe, ko da an manta an sa na yaron.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ya cika alkawari: an ce za a kashe, an kashe. Abin da ya biyo baya ba ya wuyansa. Ba shi da alhakin ɗan da ya daina hira, ko matar da ta fi ka gaskiya, ko ciwon ƙugun limami. Wanda ya bi matakan nan har ya rasa fuskar ɗansa a tele, kada ya zo shagon barguna da ƙorafi, musamman ranar Alhamis bayan la'asar. Ba za a saurare shi ba.