Fizar Ɗanlami a tanderun gurasa

Wa, Ɗanlami Italiya? Ai a tsakar gidan nan abin ya faru, kusa da inda kike zaune. Matso ki ji.

Wani mutum ne mai baki kamar rediyo. Ya ɓace daga unguwa shekara huɗu, ya dawo da baƙin tabarau da wando ɗamamme, wai a Italiya yake, wai shi ne babban mai gasa fiza a can. Ko ruwa kika miƙa masa sai ya ce na can ya fi sanyi. Kullum yana bakin shagon shayi yana ba mutane tarihi: wai asalinta abincin talakawan wani gari ne Nafoli, har wata sarauniya ta ci ta yaba. Wai ta Nafoli siririya ce, ta Amurka kauri gare ta kamar katifa, wasu marasa tarbiyya har abarba suke sa mata. Mu dai muna ji.

To Hajiya Turai za ta buɗe gidan abinci, tana neman wanda ya iya fizar. Albashi mai kyau, har da ɗakin kwana. Ɗanlami ya je ya cika ta da surutu. Ita kuwa ba a yi mata wayo, ta ce sai ta ɗanɗana tukuna. Ya ce fiza ta gaskiya sai a wutar itace, injin lantarki na 'yan koyo ne. Ta ce ai shi ke nan, ga tanderun Yaya Lantana mai gurasa. Ni ke nan.

Ranar Asabar da hantsi suka zo. Hajiya a kan kujera, ma'aikatana mata biyar sun bar aiki sun zagaye. Ya ari farin ƙyallena ya ɗaura a ƙugu. Ya murza ƙullin, ya wurga shi sama don burga, ya faɗo masa a kafaɗa. Ya cire shi, ya shimfiɗa. Ya shafe shi da tumatir, ya zuba nama, attarugu, albasa, da wani cukun Turawa mai tsadar tsiya da Hajiya ta saya.

Sai ya leƙa tanderu. Kin san dai yadda yake, tukunya ce a binne, garwashi a ƙasa, a jikin bango muke manna gurasa a tsaye. Na ga ya tsaya yana zare ido. Na ce masa a hankali, “Ɗan nan, abin da aka ɗora wa kaya ba ya tsayuwa a bango. In kawo maka faranti?”

Ya dube ni sheƙeƙe. “Inna, ki bar wa masu abu abinsu. Haka muke yi a can.”

Ya ɗauka, ya zura hannu, ya manna. Fat.

Ba mu ƙirga uku ba sai shululu. Tumatir, nama, cuku, duk suka bi bango suka zube cikin garwashi. Cau. Hayaƙin attarugu ya tashi ya cika gidan nan. Muna tari, muna hawaye, Hajiya ta toshe hanci da mayafi. Shi kuwa gashin hannunsa ya babbake, tabarau ya bi naman ya faɗa wuta.

Da hayaƙi ya lafa na sa ƙarfe na ɓamɓaro abin da ya rage. Gurasa ce tsirara, gefe ɗaya a ƙone.

Kin san bai daddara ba? Ya share zufa, wai akwai wani ƙauye a can da haka suke cinta, fara, ƙamshin kayan kawai ake so ya shige ta.

Hajiya ta miƙo hannu. Ta yago kaɗan, ta tauna, ta daɗe tana taunawa. Sannan ta ce in ba ta ƙuli-ƙuli da mai ta yi bandashe da ita, kar a yi asara biyu.

Ya matso yana murza hannu. “To Hajiya, maganar aikin fa?”

Ta ce, “Ina da mai gurasa, Ɗanlami. Ita kuma tata ba ta ƙonewa.”

Ko ƙyallen bai tsaya kwancewa ba, da shi ya fita. Har yau yana gidansa, ban aika a karɓo ba.

Bari in tashi, 'yar uwa, masu sari sun taru a zaure tun ɗazu.