Ni da Kifin da Na Ce Ɗana Ne

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kifi ya kwance mini zani a gaban wan budurwata ba.

Gadi nake yi a wani gidan kallon kifaye a Doha. Lokacin korona aka rufe wurin, ya rage daga mu sai kifayen. A lokacin ne aka ƙyanƙyashe wani ɗan kifin shak, tsawonsa bai fi tafin hannu ba. Wata 'yar Filifin ce ke rainonsa. Ni kuwa duk sanda na gifta ta gaban gilashinsa a cikin rigar aikina mai ruwan ɗorawa, sai ya taso ya bi ni. Na tsaya, ya tsaya.

Kaɗaici ya sa na ɗauki abin da girma. A waya na gaya wa budurwata Hadiza ni nake rainonsa. (A gidansu ba a son mai gadi, shi ya sa ban taɓa ambaton gadi ba.)

Da gasar cin kofin duniya ta zo, wanta Yaya Sani ya iso kallon ƙwallo, an kuma ɗora masa aikin binciken halina kafin a ba ni ita. Ranar hutuna na tashi daga unguwarmu ta Al Asmakh cikin farar shadda, na kai shi gaban gilashi.

"Yaya, matsa ka ga yadda ɗana zai taso."

Na gifta. Ko motsi. Na sake giftawa, har da gyaran murya. Sai ga wani tsoho mai tumbi a cikin rigar ƙwallon Brazil mai ruwan ɗorawa. Kifin nan ya zabura ya bi shi har ƙarshen gilashi.

'Yar Filifin ta leƙo tana murmushi, ta yi wa Yaya bayani da Turanci cewa da faranti mai ruwan ɗorawa take kiran kifin cin abinci. Sannan ta juyo gare ni: "Gobe kai ne a ƙofa ta biyu, ko?"

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Yaya ya juyo wajena.

"Gadin ba laifi ba ne," in ji shi. "Ƙaryar ce zan kai gida."

Ya kuwa kai. Sai da aka ja mini rai shekara guda kafin a ba ni Hadiza. Tun daga ranar, in na ga wani yana bina da fara'a, sai na fara duba abin da na sa a jikina.