Ƙoƙon Kai a Jikin Jarkar Man Gyaɗa

Jama'a, da safen nan saura ƙiris in soya wa mutan gidanmu ƙosai da maganin feshin ciyawa. Har na ɗora kasko. Hancina ne ya cece mu.

Ga yadda aka yi. Watan jiya wasu manya suka sauka Jibiya cikin motoci masu baƙin gilashi, suka ce an yi doka: duk magani mai guba sai an kasa shi aji-aji, an manna masa hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu. Babbansu, Mai Girma Sarkin Manne-Manne, ya yi jawabi da Turanci, ya ajiye kwalin sitika mai hoton ƙoƙon kan a kan benci, ya shige mota. Allah ya ƙara masa sanyin ofis. Ni da na koyi karatu a jikin buhun taki ban gane komai ba, amma na tafa, don na ga ana raba lemo.

Ba a jima ba manoman ƙauyukan Riko da Kusa suka yanke hukunci: mai ƙoƙon kai shi ne mai ƙarfi. Maharazu mai shagon maganin feshi ya fara manna biyu-biyu.

Na ce, "Malam Maharazu, wannan mai kai biyun fa?"

Ya ce, "Na manyan gonaki ne, Hajiya. Ciyawa na ganin shi take kwantawa."

Sai Innarmu ita ma ta hango nata amfanin. Muna da maƙwabciya, Luba, kullum tana tafe da kofi, a ɗan sam mata mai. Inna ta karɓo sitika wajen Maharazu, ta manna wa jarkar man gyaɗa, da gwangwanin sukari, har da tulun daddawa. Luba ta shigo, ta ja da baya.

"Inna, mi nike gani haka?"

"Guba ce, ɗiyata. Hukuma ta hana a bayar."

Tun ranar ba mu ƙara ganin kofin ba.

Matsalar ita ce, yayana Imrana ya ɗauko maganin feshi na gaske daga Maraɗi a bayan babur, cikin jarka ruwan ɗorawa sak irin ta man, ita ma da nata kan. Ga su nan gefe da gefe a ɗakin ajiya, suna yi wa juna murmushi.

Na ce, "Inna, don Allah ki ɓare na jikin man, kafin mu kashe kanmu."

Ta ce, "In ɓare Luba ta dawo?"

Sai ta tashi ta ɓare na jikin gubar. Wai ai guba ba mai roƙonta.

To yanzu a gidanmu, mai ƙoƙon kai abinci ne, maras shi kuma ajali. An ce Mai Girma zai dawo duba yadda doka ke aiki. Muna maraba. Za mu dafa masa garau-garau, mu jera masa jarkokin biyu, ya zuba mai da hannunsa. Ai shi ya yi karatun.